Galan Biyar a Kujerar Hajiya Ɗaso

A duk faɗin Makka mutum biyu ne kacal suka san motar Ingila ciki da waje. Na farkon ya rasu shekara tara ke nan, na biyun kuwa Hashimu ne, kuma daga bakinsa muka ji haka.

Wanda ya rasun shi ne Alhaji Rabi'u, surukin Hashimu. Shekara talatin ya yi yana tuƙa wani attajirin Jidda, da ƙarfi ya ƙare attajirin ya sallame shi da wata 'yar motar tsere ƙirar Ingila ta shekarar sittin da bakwai. Koriya ce, kujera biyu, ba rufi, gajeriya ƙwarai, har kana iya ɗora ƙafa a goshinta ka ɗaure takalmi. A cikinta yake ɗaukar matarsa Hajiya Ɗaso duk Juma'a da yamma daga unguwarmu Hindawiyya zuwa titin Mansur su sayi siriya, abin da kakanninmu suke kira tsire kafin su ƙetaro teku. Da aka raba gado motar ta faɗo a kason Hajiya. Ta sa aka lulluɓe ta da tsohon kafet a ƙofar gida, makullin kuma ta rataya a wuya.

'Ya'yan Hajiya mata biyu ne. Babbar, Mairama, ita ce matar Hashimu. Ƙaramar, Nuha, tana auren Bandar, direban saɗaha, babbar motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ke kwashe motocin da suka mutu a hanya. Bandar ba ya magana sai dole, Hausarsa ma duka ba ta cika kofin shayi ba. Hashimu ya sa masa suna mai makarar motoci. Shi Hashimun shekara ashirin da biyu ya yi a wani shagon kayan mota yana miƙo kaya daga kanta. Babu ƙarfen da bai san sunansa ba da Hausa da Larabci da Turanci. Ɗaurawa ce dai ba a taɓa ganin ya yi ba.

Abin ya faro ne ranar da Hajiya ta yi marmarin motar. Aka yaye kafet, aka sa batir, Hashimu ya zaga unguwa da Hajiya a ciki. Injin lafiya lau. Amma duk maɗab ɗin da suka hau, wato tudun nan da ake ginawa a titi don a rage gudu, sai motar ta yi ta sukuwa sau huɗu ko biyar kafin ta nutsu. Kwana uku aka yi ana gasa wa Hajiya ƙugu. Da ta miƙe ta tara surukan biyu.

"Jikata Lujain ta kusa sauka," in ji ta. "A Mansur za a yi suna, kuma a motar Alhaji nake so in je. Duk wanda ya kai ni a cikinta ƙuguna bai ji komai ba, ya riƙe makullin. In ba a samu ba, a kai ta wurin masu fasa motoci in huta da kallonta."

Bandar ya ce, "Ɗayyib, ya Khala," wato "To, Inna."

Hashimu ya sunkuyar da kai kamar yadda ya kamaci suruki, daga sunkuyen ya yi jawabin minti ashirin. Ya ce ƙafafun motar ne suka tsufa. Ya ce zai cire duk abin da ke ƙarƙashinta, ya sa mata shokazoba da sifirin na zamani daga Ingila kai tsaye. Ya ce ranar suna Hajiya za ta riƙe kofin gahawa cike daga Hindawiyya har Mansur, ɗigo ɗaya ba zai taɓa mata yatsa ba.

"Ni ba na shan gahawa," in ji Hajiya.

A lungunmu akwai Issoufou, mutumin Damagaram, wanda ya zo aikin Hajji shekara ashirin da shida da suka wuce, har yanzu bai gama bankwana ba. A gindin katanga yake gyaran motocin unguwa. Washegari ya zo ya dafa gefen motar ya danna ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take rawa.

"Abu Ayman," ya ce wa Hashimu, don haka ake kiransa da sunan ɗansa, "waɗannan shokazoban irin na da ne, masu hannu. Mai ake zuba musu. Ka duba man tukuna."

"Mai? Ya shekh, masa ce? Kai ka saba da motocin da ake gyarawa da waya da addu'a. Wannan aikin injiniya ne."

Issoufou ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma ya ɗauko kujerarsa da butar shayinsa, ya zauna inda zai ga komai.

Bayan mako biyu kaya suka iso a kwali huɗu. Hashimu ya shimfiɗa darduma a ƙofar gida ya jera su kamar kayan lefe. Kowane shokazoba da jan sifirin a jikinsa, da wani zobe a gindi: ka murɗa shi sama mota ta ɗaga, ka murɗa ƙasa ta kwanta. Unguwa ta zo gani. Duk wanda ya miƙa hannu sai ya ce masa, "Da ido, ya akhi, da ido."

Sai aka zo kwance tsofaffin. Nan aka gano cewa mutanen Ingila na wancan zamani da inci suke awo, sifanonin Hashimu kuwa duk na milimita ne. Wannan ta yi wa noti yawa, waccan ta yi kaɗan. Ya gwada wadda ta yi yawa har ya goge wa noti biyu kusurwa suka koma kamar kuɗin ƙarfe, sannan ya ɗauko guduma. Issoufou yana da cikakken jerin sifanonin inci naɗe a cikin tsumma, kowa ya sani, Hashimu ma ya sani. A rana ta huɗu Mairama ta je ta aro su ta zuba masa a akwati. Da azahar ya fito yana goge hannu ya sanar da mu cewa sirrin notin Ingila shi ne haƙuri.

Tsohon sifirin na gaba shi ne ya fi ba da sha'awa. Sifirin irin wannan a matse yake a wurinsa, ana kama shi da wani ƙarfe kafin a sake shi. Hashimu ya san sunan wannan ƙarfe da harshe uku. Ya kwance noti na ƙarshe, sai muka ji wata ƙara, wani baƙin abu ya ƙetare lungu a sama da kanmu, ya daki na'urar sanyin gidan ladan, ya dawo ya faɗa tsundum a cikin ƙullun Rumasa'u mai masa.

Rumasa'u ta share ƙullu daga goshinta, ta tsamo abin da ludayi, ta ɗaga.

"Na wane ne wannan?"

"Ma'alesh, Rumasa'u, yana cikin tsarin aiki. Sai an sake shi ya huce."

"A tukunyata zai huce? Abu Ayman, shekara goma sha biyar ina suya a nan, ko ƙuda bai taɓa faɗa mini ba, yau ga ƙarfen Ingila."

"To miƙo shi, ba shi da sauran amfani."

"In ba shi da amfani me za ka yi da shi?"

Ta wanke shi ta ɗora kaskonta a kai. Ta ce tsayinsa ya yi mata daidai.

Kwana goma sha biyu aka yi kafin motar ta sauko daga kan jek da sababbin ƙafafu. Hashimu ya ce za a yi gwaji a gaban shaidu. Ya sa Mairama ta dama kunun gyaɗa, ya cika kwano, ya ajiye a kujerar Hajiya, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a don mu ga irin yardar da ya yi wa aikinsa. Maɗab na farko bai fi taku talatin daga ƙofar gida ba. Motar ba ta yi sukuwa ba kam, wannan gaskiya ne. Tsalle ɗaya ta yi kamar an harba ta. Kwanon ya koma mazauninsa lafiya, sai dai shi kaɗai ya koma.

Ya dawo kunu na ɗiga daga gemunsa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, "gwaji ya yi kyau."

"Ya yi daɗi kuma?" in ji Rumasa'u.

"Ke ba ki gane ba. Sifirin ɗin nan nauyin mutum yake nema, kunu ba shi da nauyi. Sai an saita shi da nauyin wanda zai zauna."

A nan ya yi gaskiya, kuma a nan matsala ta taso. Ba a tambayar suruka nauyinta. Hajiya Ɗaso mace ce da Allah ya yi wa albarka, in ta zauna a kujera mai cin mutum biyu babu wanda ke neman wuri a gefenta, amma wannan abu ne da ake gani, ba a faɗa. Hashimu ya yi kwana biyu yana zagaya Mairama.

"Na ce ba, Hajiya kuwa in ta je asibiti, akwai abin da suke ɗora ta a kai?"

"Gado."

"A'a, ɗan ƙaramin nan na ƙasa, mai lamba."

"Abu Ayman, uwata kake so ka auna?"

"A'uzu billahi! Ni? Mota ce take tambaya."

"To motar ta je ta tambaye ta."

Issoufou ya kawo shawara a sa buhun siminti biyu. Hashimu ya tashi tsaye. Ya ce shi ɗan halas ne, ba zai sa siminti ya wakilci surukarsa ba. Buhun shinkafa ma ya ƙi, ruwan tanka ma ya ƙi. Daga ƙarshe ya ce abu ɗaya ne a garin nan da darajarsa ta kai ya zauna a kujerar Hajiya, shi ne Zamzam. Wannan ya yi wa Mairama daɗi. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Galan biyar, manya. In ka ce ni na faɗa, ban san ka ba."

Ya ɗauki tasi zuwa Kudai inda ake ɗibar Zamzam, ya bi layi, ya cika galan biyar masu lita ashirin ashirin. Aka jera biyu a wurin ƙafa, uku a kan kujera, aka ɗaure da igiya, aka yafa musu tsohon mayafin Mairama saboda rana. Daga nesa sai ka rantse mutum ce. Ladan, wanda idonsa ya yi rauni, ya gaishe ta har sau biyu.

Hashimu ya auna gefen motar da tef, dama da hagu, ya murɗa zobba har suka zo daidai. Ya zaga unguwa, ta hau maɗab ta sauka lumui. Ina cikin waɗanda suka gani, kuma ba na ƙara masa: ranar motar ta yi kyau. Da a ce washegari ne suna, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma Lujain ba ta sauka ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, ga kuma kwana bakwai na suna. Hashimu ba mutum ne da za a bari da mota da sifana na kwana goma sha takwas ba. Kullum yana ƙarƙashinta yana ƙara ɗaure abin da ya riga ya ɗauru.

Rumasa'u ce ta fara. Ranar wata Litinin tana azumi ta zo da 'yar gora.

"Abu Ayman, a san mini Zamzam na buɗa baki."

Daga ƙarƙashin mota murya ta fito. "Bismillah, ɗiba. Wa yake hana Zamzam a Makka?"

Ta zo da ɗan famfon nan na hannu da ake ɗora wa bakin galan, ta ɗaga mayafi ta ɗiba, ta bar famfon a wurin saboda na baya. Na baya kuwa ba su yi jinkiri ba. Ladan ya ɗiba don maƙogwaronsa. Matar mai wanki ta ɗiba don ɗanta yana zazzaɓi. Wasu baƙi daga Sakkwato da suka gama Umara suka ɗiba don tsaraba. Labari ya bazu cewa ba sai an je Kudai an bi layi ba, akwai sabil, wato ruwan sadaka, a ƙofar gidan Hajiya Ɗaso. Ni kaina na ɗebi gora biyu, ƙanana. Kowa sai ya nemi izini, kowa kuma sai an ba shi, da kalmomi iri ɗaya, daga wurin ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin mota.

Kowace safiya Hashimu yakan fito da tef. Kowace safiya sai ya tarar gefen Hajiya ya ɗan ɗaga.

"Kun gani?" yakan ce mana. "Ƙarfen Ingila ke nan. A ƙasar sanyi aka haife shi, da ya ji ranar Makka sai ya miƙe. Wanda bai yi karatu ba sai ya ce aljanu ne."

Sai ya murɗa zobban dama ƙasa har motar ta daidaita. Washegari ta sake ɗagawa, ya sake murɗawa. Gefen hagu kuwa bai taɓa motsi ba, ya ce ai rana ba ta cika dukansa.

Issoufou ya jure har kwana tara. A na goma ya ajiye kofinsa ya zo ya tsuguna wajen ƙafafun.

"Abu Ayman, galan ɗin nan fa..."

"Ɗiba mana, Issoufou. Kai ma sai ka tambaya?"

"A'a, cewa zan yi ruwan..."

"Na ce ka ɗiba! Don na ƙi shawararka a kan mota ai ban hana ka lada ba."

Issoufou ya tashi ya je ya ɗauko butarsa ya cika.

Ranar suna bayan la'asar unguwa ta fito. An wanke motar tana walƙiya. Bandar ya tsayar da saɗaharsa a bakin lungu don ya kwashi tukwanen abinci. Hashimu ya fito da sabuwar jallabiya da baƙin tabarau, ya yaye mayafi, ya kwance igiya. Ya kama galan biyu da hannun dama, biyu da hagu, ya ɗaga su sama kamar kwalin takalmi. Shi kansa ya tsaya yana mamaki.

"Ma sha Allah! Ranar da na kawo su ɗaya ma da ƙyar na ɗauka. Kun ga amfanin aikin ƙarfe? Mairama, zo ki ga damtsen mijinki!"

Duk wanda ke wurin ya taɓa ɗaga mayafin nan. Saboda haka kowa ya ce ma sha Allah, kowa kuma ya sami wani abin kallo a sama.

Hajiya ta fito da sanda da lema da turare. Hashimu ya buɗe mata ƙofa yana kallon ƙasa. Ta yi bismillah, ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu, ta zauna. Motar ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta durƙusa ta dama. Gefen hagu ya tashi.

"Abu Ayman, mene ne wannan?"

"Gaisuwa ce, Hajiya. Haka ake ƙera su, tana karɓar baƙo."

"Alhaji ya yi shekara ashirin yana ɗaukata, ba ta taɓa gaishe ni ba."

"Ta zamani ce yanzu, Allah ya ƙara miki lafiya."

Ya shiga ya zauna, sai ga shi a sama, surukarsa a ƙasa, yana kallon tsakiyar kanta. Ya yi ƙoƙari ya tanƙwashe don kada ya fi ta tsayi, haka ya tuƙa, a karkace kamar mai leƙen rijiya. Muka bi su a baya, wasu a tasi, Bandar a ƙarshe da tukwane.

Maɗab na farko ya ɗauke shi a kaikaice, salansa ta yi kuka ta wuce. Na biyu ya bar wa unguwa wani ɗan ƙarfe da har yau ba a san na mene ne ba. A titi tartsatsi yake tashi ta gefen Hajiya, ita kuwa ta buɗe lema tana kallon gaba kamar ba da ita ake ba. Wani direban tasi ya sauke gilashi ya ce, "Ya ammi, motarka tana sallah ne?" Hashimu ya ce masa saitin tsere ne.

A Mansur, daidai gaban masu siriya, akwai wani maɗab da aka gina da zuciya ɗaya. Manyan motoci ma da ladabi suke hawansa. Daga can ana hango rumfar suna, bai fi taku ɗari biyu ba. Hashimu ya karanto abin da ya sawwaƙa, ya ɗauke shi a kaikaice. Tayoyin gaba suka haye. Cikin motar ya zauna daram a kan tudun. Tayar baya ta hagu ta rataye a iska tana juyawa ita kaɗai. Ya ƙara wuta, ta ƙara juyawa. Ya sa ribas, ta juya ta baya, duk dai a iska.

Cikin minti biyu titin ya cushe. Ham ta ko'ina. Masu siriya suka bar wuta suka zo, masu shago suka fito, baƙin suna suka baro rumfa da farantansu a hannu. Kowa ya san maganin abin, babu wanda ya yarda ya zama mai faɗa. Daga ƙarshe wani mai siriya ya yi ƙarfin hali.

"Ya Hajja, da za ki ɗan taka ƙasa, minti ɗaya..."

"Na ce a motar Alhaji zan je suna. Nan ne gidan sunan?"

"A'a."

"To koma kan namanka yana ƙonewa."

Ko da ta yarda ma, ƙofarta ta jingina da kwalta, ba ta buɗuwa. Hashimu ya miƙe tsaye a kan kujera yana bayani ga jama'a. Ya ce laifin wanda ya gina tudun ne. Ya ce shi da lissafi ya yi aikinsa, galan biyar cif, lita ɗari, kwana goma sha takwas yana awo safe da yamma.

Hajiya ta juyo da lemarta. "Wane galan?"



"Na Zamzam ne, Hajiya," in ji Rumasa'u, wadda ba ta iya riƙe magana. "Shi ya zauna a madadinki. Allah dai ya ba shi lada, duk unguwa mun sha."

Hashimu ya dube ta. Ya dubi ladan. Ya dube ni. Ya dubi Issoufou, wanda ya ce a hankali, "Na zo in gaya maka, ka ce in ɗiba." Sannan ya dubi damtsensa, ya zauna.

"Wato kujerata kuka mayar sabil," in ji Hajiya. "Kuma wa ya ce biyar?"

Mairama ta tuna cewa ta bar wani abu a cikin tasi.

Bandar kuwa ya sauke tukwane, ya juyo da saɗaha ta gaba, ya kwantar da bayanta har ya taɓa kwalta, ya maƙala ƙugiya. Majiya ƙarfi shida suka ɗaga bayan motar, igiyar ƙarfe ta ja ta sannu a hankali, ta hau da duk abin da ke cikinta.

"Ki riƙe lema, ya Khala," in ji shi. Iyakar jawabinsa ke nan na ranar.

Haka suka shiga layin gidan suna: saɗaha tana tafiya kamar tana ɗauke da ƙwai, koriyar mota a samanta, Hajiya Ɗaso a ciki da lema tana ɗaga wa jama'a hannu, mata suna guɗa. Hashimu yana gefenta da hannu biyu a kan sitiyari. Da suka zo kwana na ga ya karya shi, har da sa sigina.

A ƙofar rumfa aka sauke su. Maza huɗu suka ɗaga gefen dama, ƙofa ta buɗe, Hajiya ta fito. Ta dafa ƙugunta ta dama, ta dafa ta hagu, ta yi taku uku.

"Alhamdu lillahi. Tun da Alhaji ya rasu ban yi tafiya mai laushi irin ta ƙarshen nan ba."

Hashimu ya gyara tabarau. "Na gaya miki, Hajiya. Sai ta ɗan yi zafi take nuna kanta."

Ta zare makullin daga jikin motar, ta miƙa wa Bandar.

"Amma Hajiya," in ji Hashimu, ya manta da sunkuyawa, "ni ne a kan sitiyari!"

"Na gan ka, Abu Ayman. Kai ma kawo ka aka yi."

Ta shige wurin mata.

Ranar Asabar Bandar ya kai motar gindin katangar Issoufou. Suka cire jajayen ƙafafun suka mayar a kwalayensu. Rumasa'u ta ba da sifirin ɗinta bayan an samo mata bulo biyu masu tsayinsa. Hashimu ya zo ya tsaya daga nesa yana gaya wa masu wucewa cewa shi ya yi musu aikin mai wuya, tun da shi ya sassauta notin. Issoufou ya buɗe tsofaffin shokazoban guda huɗu ya leƙa. A bushe suke ƙamas.

Man da suka sha duka bai kai kwalba ɗaya ba.